FILIN KIWON LAFIYA: Maganin Ciwon Sukari Da Idon Mai Shan Sa

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin jama'a, ana jin ta a Jalingo kamar yadda ake jin ta a Kano ko Sakkwato, wai allurar insulin tana kashe ido. Masu wannan magana kuwa ba su rasa misali. Sai su ce wane ya shekara goma da ciwon sukari yana karatun Alƙur'aninsa ko tabarau babu, amma tun ranar da likita ya ɗora shi a kan allura, ba a yi wata uku ba sai ga shi ana yi masa jagora. Saboda haka da yawa daga cikin masu ciwon, da zarar an ambaci allura sai su sulale daga asibiti, ba a sake ganinsu sai ranar da aka kawo su ranga-ranga.

Amsar da aka saba ba su ita ce wannan camfi ne kurum. To, amma amsar nan ba ta gamsar da kowa ba, domin mutane sun ga abin da suka gani. A cikin maganar tasu akwai ƙwayar gaskiya, wadda likitocin duniya suka san da ita fiye da shekara arba'in, sai dai an fahimce ta a baibai. Maganin ciwon sukari shi ne babban abin da ke tsare ido daga makanta. Duk da haka irin maganin da aka ba mutum, da halin da idonsa yake ciki ranar da ya fara sha, da yawan saukar da sukarin ya yi, dukkansu suna taɓa ido, suna kuma taɓa aikin da likitan ido zai yi daga baya.

Jihar Taraba, wadda aka yanke daga tsohuwar Jihar Gongola a 1991, ba baƙuwar makanta ba ce. Shekaru da yawa kwarin kogin Taraba da ƙasashen Gashaka da Bali sun yi ƙaurin suna wajen makantar nan da baƙin ƙudan rafi ke kawowa, har aka shiga raba ƙwayar Mectizan ƙauye-ƙauye, wadda kamfanin Merck ya soma bayarwa kyauta tun 1987. Binciken makanta na ƙasa baki ɗaya da aka yi daga 2005 zuwa 2007, inda aka duba mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama, ya nuna kashi 4.2 cikin 100 makafi ne, amma a Arewa maso Gabas abin ya kai kashi 6.1, watau ya fi na kowane yanki. Yanar ido ce ta ɗauki kashi 43 cikin 100 na wannan makanta. Dakta Fatima Kyari da abokan aikinta sun sake tace sakamakon binciken a 2014, suka tarar kashi 3.3 cikin 100 na mutanen suna da ciwon sukari, kusan rabinsu kuma ba su san suna da shi ba. A 2018 Farfesa Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokansa sun tattara bincike-binciken da aka yi a ƙasar nan, suka ƙiyasta masu ciwon a Arewa maso Gabas kashi 5.9 cikin 100.

A Jalingo akwai manyan asibitocin gwamnati biyu, Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Jiha. Tsarin asibiti ko'ina shi ne sashen masu ciwon sukari daban, sashen ido daban, kowane da ranarsa da layinsa. Wani majinyacin ma ba ya zuwa ko ɗaya daga ciki: an taɓa rubuta masa magani shekara biyar da suka wuce, shi ke nan sai ya riƙe kwalin, in ya ƙare ya nuna wa mai kemis a Sabon Gari ko Mayo Gwoi a ba shi irinsa. Ashe ke nan abin da ke haɗa likitan sukari da likitan ido sau da yawa bakin majinyaci ne kaɗai. In ya faɗi abin da yake sha an sani, in ya yi shiru ko ya manta ba a sani ba.

HAZO IRI BIYU

Kafin a shiga batun magunguna ya kamata mai karatu ya san yadda sukari ke yi wa ido ɓarna. Ido kamar na'urar ɗaukar hoto yake. A gaba akwai wani ɗan madubi garai-garai da ke tattara haske, a can bangon baya kuma akwai wani siririn tantani da hasken ke sauka a kansa, shi likitoci ke kira retina. A tsakiyar tantanin akwai wani ɗan gurbi da ake kira makula, da shi ake karatu, da shi ake gane fuska, da shi ake zura zare a allura.

Idan sukari ya yi yawa a jini yakan canja ruwan da ke cikin madubin nan na gaba, sai ƙarfinsa ya sauya. Ranar da aka fara magani sukari ya sauka, sai madubin ya shiga komawa yadda yake, a cikin makonnin nan kuwa mutum yakan ga dishi-dishi, rubutun da yake karantawa jiya ya gagare shi yau. Wannan hazo na ɗan lokaci ne, yakan washe da kansa cikin 'yan makonni, kuma shi ne rabin dalilin da ya sa ake zargin insulin. Abin da ya kamata a kiyaye a nan guda ne: kada a sayi tabarau a wannan tsakani. Wanda ya garzaya kasuwa ya gwada na kan tebur, ko ma ya biya aka yanka masa na asibiti, bayan wata biyu zai tarar ya yi asarar kuɗinsa. A bari sukari ya zauna wuri ɗaya kamar wata ɗaya zuwa biyu tukuna.

Hazo na biyu shi ne mai haɗari. Shekara da shekaru sukari yana cin ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da tantanin baya. Wasu su yi rauni su riƙa yoyo, ruwa ya taru a makula ta kumbura. Wasu su toshe, sai idon ya shiga tsiro da sababbin jijiyoyi marasa ƙwari, waɗanda ke fashewa jini ya cika ƙwayar ido, ko su bar tabo ya janye tantanin daga mazauninsa. Mugun halin wannan cuta shi ne ba ta zafi, ba ta ƙaiƙayi, ido ba ya ja, mutum yana gani sarai alhali ɓarna ta yi nisa. A babban binciken da aka yi a Birtaniya daga 1977 zuwa 1997, wanda aka sani da UKPDS, fiye da kashi ɗaya cikin uku na majinyatan an tarar ciwon ya riga ya taɓa tantaninsu tun ranar da aka gano suna da sukari. Wannan a Birtaniya ke nan, inda asibiti ke kusa. Ina ga wanda ya taso daga Karim Lamido ko Gembu bayan ya shekara yana shan jiƙe-jiƙe?

INDA GASKIYAR TAKE

Tun farkon shekarun 1980 likitoci a Denmak da Norway da Amurka suka lura da wani abin mamaki. Idan aka ɗauki mai ciwon sukari wanda ya daɗe sukarinsa yana sama, aka matsa masa da insulin har ya sauko sosai, wani lokaci sai tantanin idonsa ya ƙara lalacewa a watannin farko maimakon ya samu sauƙi. Binciken da ya warware zancen shi ne DCCT, wanda aka yi a Amurka da Kanada daga 1983 zuwa 1993 da mutum 1,441 masu ciwon sukari irin na farko, watau wanda ke kama yara da matasa. Aka raba su biyu, rukuni ɗaya ana matsa wa sukarinsu ƙwarai, ɗayan ana yi musu yadda aka saba. A cikin shekarar farko kashi 13 cikin 100 na waɗanda aka matsa wa idonsu ya ƙara taɓuwa, a ɗaya rukunin kuwa abin bai kai kashi 8 ba. Zuwa wata 18 kusan rabin waɗanda abin ya shafa sun farfaɗo. Da aka kai ƙarshen bincike sai lissafi ya juye sarai. A cikin waɗanda suka shiga da lafiyayyen ido, matsa wa sukari ya rage haɗarin kamuwa da kashi 76 cikin 100, a cikin waɗanda ya riga ya ɗan taɓa kuwa ya rage ci gabansa da kashi 54.

Sai dai akwai abin lura. Mutanen DCCT an zaɓo su ne masu lafiyayyen ido ko waɗanda ɓarnarsu kaɗan ce, saboda haka ɗan komawa bayan da suka yi bai makantar da su ba. Wanda tantaninsa ya riga ya kai gaɓa, ƙiris ya rage jijiya ta fashe, shi ɗan komawa bayan nan zai iya jefa shi rami. Irin wannan majinyaci kuwa shi ne ya fi yawa a layin da ake ɗora mutane a kan insulin a ƙasar nan, gama ba a cika yarda da allura ba sai ƙwayoyi sun gaza, ƙafa ta yi gyambo, ko an kwantar da mutum a gado. Watau allurar takan zo ne a daidai lokacin da idon ya riga ya lalace, sa'an nan a ɗora mata laifin shekara goma.

Masu binciken ba su ce a bar sukari a sama ba, ba su ma sami hujjar cewa saukar da shi sannu-sannu yana hana abin ba. Shawararsu ita ce wanda sukarinsa ya daɗe yana sama a duba bayan idonsa kafin a matsa masa, sa'an nan a riƙa dubawa duk wata uku har wata shida zuwa shekara. In an tarar ido ya kai gaɓa, ya fi kyau a fara yi masa aikin hasken leza kafin a tsananta magani. Duban da ake nufi kuwa ba karanta haruffan bango ba ne. Sai an ɗiga maganin da ke buɗe ƙwayar ido, an leƙa ciki da na'ura ko an ɗauki hoto. Maganin yakan sa hazo na 'yan sa'o'i, saboda haka mai babur ya zo da wanda zai mai da shi gida.

Wannan shawara ta ƙara nauyi tun daga 2023. A shekarar aka janye tallafin man fetur, aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, kamfanin GSK ya ba da sanarwar tattara kayansa, kamfanin Sanofi mai yin Daonil da insulin ɗin Lantus shi ma ya ce zai koma sayar da kayansa ta hannun dillali. Kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabo. Ma'aikaci ko ɗan fansho sai ya sha magani in albashi ya shigo, ya huta in ya ƙare, wani ya raba ƙwaya biyu don ta kai shi ƙarshen wata. Wanda ya yi wata shida ba magani sa'an nan ya dawo aka ɗora shi a kan mai ƙarfi, shi ma yana cikin waɗanda ya kamata a leƙa idonsu. Awon tsinke na yatsa ba ya nuna wannan tarihi, sai awon nan na HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin wata uku, wanda ake so ga yawancin manya ya tsaya wajen kashi 7.

MAGUNGUNA DA SUNAYENSU

Yawancin masu ciwon a Arewa ƙwaya biyu suka sani, metfomin da ake sayarwa da sunan Glucophage da wasu sunaye, da kuma Daonil. Waɗannan ba a san su da yi wa tantanin ido wata illa ta kansu ba. Wanda ya kamata a sa wa ido shi ne wanda ake rubuta pioglitazone a jikin kwalinsa, aka fi saninsa da Actos. Halinsa ne ya riƙe ruwa a jiki, shi ya sa wasu masu shan sa ƙafarsu ke kumbura, ana kuma zargin yana yin haka a makula. Wani bincike na Birtaniya da aka buga a 2012, da aka bi bayanan majinyata fiye da 100,000, ya nuna cikin shekara guda kashi 1.3 cikin 100 na masu shan wannan dangin magani sun sami kumburin makula, waɗanda ba su sha kuwa kashi 0.2 ne. Wani binciken a Amurka bai ga wannan alaƙa ba, saboda haka zancen bai gama zama ba. Amma kamfanin da ke yin sa da kansa ya rubuta gargaɗin a takardar cikin kwali, kuma likitan da ya ga kumburin makula yakan nemi a sauya shi. Wahalar ita ce sau da yawa yana zuwa ne a haɗe da metfomin cikin ƙwaya ɗaya, da wani suna daban, majinyaci bai ma san yana shan sa ba. Ka ga an yi ta kashe kuɗi ana tsane ruwa daga ido da allura, alhali ana zuba shi ta baki kowace safiya.

Sai kuma sabon shiga, Ozempic, allurar mako-mako da aka amince da ita a Amurka a 2017, wadda ta yi tashe saboda tana rage ƙiba. A gwajin da aka buga a 2016 da mutum 3,297, kashi 3 cikin 100 na masu yin ta sun sami matsalar tantanin ido mai tsanani cikin shekara biyu, waɗanda ba a yi musu ba kuwa kashi 1.8. Da aka bi diddigi sai aka ga yawancinsu dama idonsu ya taɓu, sukarinsu yana sama ƙwarai, maganin kuma ya sauke shi da yawa cikin watannin farko. Tsohon labarin DCCT ne ya dawo da sabuwar riga. A watan Yuni na 2025 hukumar magunguna ta Turai ta ƙara da cewa maganin yana iya jawo toshewar jini ga jijiyar gani, ido ya ɗauke farat ɗaya, ko da yake abin yana da wuyar aukuwa, bai wuce mutum ɗaya cikin 10,000 ba. Tsadarsa ta sa bai zama ruwan dare ba, amma masu hali suna saƙo a kawo musu daga Abuja ko Dubai su riƙa yi wa kansu ba da sanin likita ba, ga shi kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi game da jabunsa. Mai ciwon sukari da ya yi haka domin rage tumbi bai bari an leƙa idonsa ba, garin neman gira yana iya rasa ido.

Akwai kuma magungunan da ke taimakon ido alhali ba domin ido aka rubuta su ba. Na farko maganin hawan jini. A cikin UKPDS an ware mutum 1,148 masu sukari da hawan jini, waɗanda aka sauke nasu zuwa wajen 144 bisa 82 ci gaban ciwon ido ya ragu da kashi 34 cikin 100 in an kwatanta da waɗanda nasu ya tsaya wajen 154 bisa 87. Majinyacin da kuɗinsa bai isa biyu ba yakan ajiye na hawan jini ya sayi na sukari, yana ganin shi ne babba, nan kuwa ido yana bukatar dukkansu. Na biyu fenofibrate, tsohon maganin kitsen jini. A binciken FIELD mai mutum 9,795 ya rage bukatar aikin leza da kashi 31 cikin 100, Ostareliya ta amince a ba da shi domin ido a 2013, a 2024 kuma wani gwaji a Sikotland da mutum 1,151 ya nuna ya rage ci gaban ciwon da kashi 27. Ƙwaya ce ta baki, ba ta bukatar firji ko na'ura, abin da ya dace ƙwarai da jiha mai nisan ƙauyuka irin Taraba, amma sai an auna ƙoda kafin a fara. Wanda aka ba asfirin domin zuciya kuwa kada ya daina don tsoron jini a ido, an gwada an ga ba ya ƙara zubar jinin.

A ƊAKIN LIKITAN IDO

Kumburin makula a yau da allura ake maganinsa, wadda ake yi a cikin ƙwayar ido bayan an kashe zafi. Akwai Lucentis da Eylea masu tsada, akwai Avastin, wanda asalinsa maganin sankarar hanji ne da aka amince da shi a 2004, ake rarraba kwalba ɗaya ga mutane da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna domin ido a 2013. A gwajin da aka buga a Amurka a 2015 da mutum 660 an ga in ganin bai lalace da yawa ba duka ukun kusan ɗaya suke, in ya lalace ne Eylea ta ɗan yi gaba. Ba a jinkirta allurar don jiran sukari ya sauka, tare ake tafiya da su. Amma wanda bai daɗe da samun shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya ba tilas ya faɗa kafin a yi masa.

Sai dai a gwajin nan matsakaicin abin da majinyaci ya sha allura tara zuwa goma ne a shekarar farko kaɗai. A nan ne lissafin Amurka ya sha bamban da na Taraba. Ƙwararrun likitocin tantanin ido kaɗan ne a ƙasar nan, yawancinsu kuma suna manyan birane, shi ya sa akan tura majinyata wurare irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko Kano, ko Jos. Daga Gembu zuwa Jalingo kaɗai tafiyar kusan yini ce, daga Jalingo zuwa Kaduna wani yinin. Wa zai iya wannan sau tara a shekara, da kuɗin mota na mutum biyu? Ga wanda sababbin jijiyoyi suka tsiro masa akwai tsohuwar hanya, watau ƙone gefen tantanin da hasken leza, wadda tun 1976 aka tabbatar tana rage mummunar makanta da fiye da rabi, kuma zama ɗaya zuwa uku ake gama ta. Likitocin Filadelfiya sun nuna a 2019 cewa a cikin majinyatan da suka ɓace fiye da wata shida, waɗanda allura kaɗai aka yi musu sun dawo da ido mafi lalacewa fiye da waɗanda aka yi wa leza. Saboda haka majinyaci ya gaya wa likita gaskiyar nisan garinsu da ƙarfin aljihunsa tun a zaman farko. Kunya a wannan wuri tana iya sa a zaɓa masa hanyar da ba zai iya kai ta ƙarshe ba.

Kamar yadda maganin sukari ke taɓa ido, haka maganin ido ke taɓa sukari. Dangin sitiroyid, irin su Dexa da firednisolon, suna ɗaga sukari, musamman in an sha su ta baki ko an yi allurarsu a gefen ido. A cikin ido kuma suna iya ɗaga hawan jinin ido su gaggauta yana. Likita yakan yi amfani da su in ya ga dole, yana aunawa. Abin tsoro shi ne na ɗigawa da ake saye a kemis duk lokacin da ido ya yi ja, da kuma ƙwayoyin nan da wasu mata ke sha don ƙiba, waɗanda ake yi wa laƙabi da sha-ka-fashe.

Aikin cire yana shi ma yana da nasa sharaɗi. Mai ciwon sukari yana saurin yin yana, kuma bayan aiki makularsa tana iya kumbura, don haka a gangamin aikin ido na kyauta, inda ake yi wa ɗaruruwa cikin 'yan kwanaki, wajibi ne ya faɗi ciwonsa ko da yana tsoron a cire shi daga layi. Ranar aiki kuma kada ya sha Daonil ko ya yi insulin sa'an nan ya zauna da yunwa yana jiran layi, domin sukari yana iya faɗuwa ya suma. Ya tambaya tun jajibiri, me zai sha, me zai ci. Dama tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Daonil da irinsa bai dace da wanda ya haura shekara 60 ba saboda wannan haɗari, ta fifita wanda ake sayarwa da sunan Diamicron. Masu shan sababbin ƙwayoyin nan masu fitar da sukari ta fitsari, kamar Jardiance da Forxiga, akan dakatar musu da su kwana uku kafin babban aiki.

Mace mai ciwon sukari da ta sami ciki tana haɗa haɗari biyu, gama cikin kansa yana tunzura ciwon ido, ga shi kuma tilas a matsa wa sukarinta domin lafiyar jariri, galibi da insulin. A duba idonta kafin ciki in da hali, in babu a watanni ukun farko. Allurar cikin ido akan kauce mata ga mai ciki, leza ce ta fi aminci.

Wanda ganinsa ya riga ya ragu kuwa, zuƙar insulin da kansa ya zama caca, domin layukan sirinji ƙanana ne, ga shi insulin ƙarfinsa daban-daban ne, akwai mai 40 akwai mai 100, kowane da nasa sirinji. A koya wa ɗa ko mata, ko a nemi irin na alƙalami mai ƙara in an murɗa.

Ingila ta soma ɗaukar hoton bayan idon masu ciwon sukari kowace shekara a 2003, zuwa 2010 ciwon ya sauka daga matsayin na ɗaya wajen makantar da masu shekarun aiki, karo na farko cikin wajen shekara hamsin. Ma'aikatan da aka horar ne ke ɗaukar hoton, likita sai wanda aka ga alama ake tura masa. Na'urar a yau har akwai ta hannu, ana iya ajiye ta a sashen masu ciwon sukari, a ɗauki hoto ranar da mutum ya zo karɓar magani, ba sai an ce ya dawo wata rana wani layi ba. Wannan aikin Ma'aikatar Lafiya ta Jiha ne da hukumomin asibitocin biyu, kuma tun da dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, ya kamata duban ido na shekara ya shiga cikin abin da take biya. Kafin a kai can, abin da ke hannun majinyaci shi ne jakar leda. Ranar zuwa wurin likitan ido ya zuba duk kwalayen da yake sha a ciki, na asibiti da na kemis da na gargajiya, da takardar awon sukari ta ƙarshe. In an gama ya roƙi a rubuta masa abin da aka gani a idonsa, da ranar da aka duba, ya kai wa likitan sukari kafin a sauya masa magani.